Rikicin Boda-Koli a Amurka: Shekarar da Makiyaya Suka Ƙi Karramawa

A al'ada, duk ranar da babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, wato AKC, ta karɓi wani irin kare cikin littafinta, masu wannan iri biki suke yi. Sunan karensu ya shiga sahun manya, farashin kwiyakwiyai ya tashi, ƙofar manyan gasa ta buɗe. Amma da ƙungiyar ta yanke shawarar karɓar boda-koli, karen kiwon tumaki, a ƙarshen 1994, ta kuma ba shi damar shiga gasar kyan sura daga 1 ga Oktoba 1995, mutanen da suka fi kowa riƙe da karen kuka suka yi. Sun rubuta wasiƙu, sun tara kuɗin fafutuka, sun shiga jaridu, duk suna roƙon abu guda: a rabu da karensu, ba sa son karramawar. Har Charles Krauthammer, marubucin siyasa da ba a san shi da zancen dabbobi ba, sai da ya ɓata shafinsa guda a jaridar Washington Post a 1994 yana tsaya musu.

Wanda ya ji labarin a gurguje zai ɗauka kishi ne irin na masu sana'a da ba sa son baƙo ya shigo musu. Akwai ɗan wannan a ciki, ba a musu. Sai dai asalin gardamar tana kan tambaya ce da ta shafi duk mai renon wannan kare ko horar da shi: da me ake gane boda-koli na ƙwarai, kuma wa ya isa ya yi masa shaida?

Inda aka faro

Sunan karen ya fito ne daga bodar Ingila da Sikotilan, ƙasar tuddai da sanyi inda tumaki ke watsuwa a fili mai faɗin da mutum ɗaya ba zai iya tattaro su da ƙafa ba. A shekarar 1873 abubuwa biyu suka faru a Birtaniya waɗanda tun daga nan suka raba hanya. A Landan aka kafa ƙungiyar Kennel Club domin tsara gasar nuna karnuka. A garin Bala na yankin Wels kuma aka yi gasar kora tumaki da ta zama tushen waɗanda suka biyo baya a Birtaniya, wani kare mai suna Tweed ya cinye. Ɗaya tana duban yadda kare ya tsaya, ɗayar tana duban abin da ya yi.

Bayan shekara ashirin, a 1893, wani makiyayi a Northumberland mai suna Adam Telfer ya haɗa karensa Roy, mai sauƙin hali, da wata baƙar karya mai suna Meg wadda ke da tsananin kafa wa tumaki ido. Suka haifi Old Hemp. Karnukan kiwo na zamanin yawanci masu haushi ne da hayaniya. Shi kuwa Hemp shiru yake aiki, ya sunkuyar da kai, ya ƙura ido, tumaki su bi inda yake so. Makiyaya suka yi ta kawo masa karnukansu mata, ya bar 'ya'ya sama da 200 kafin ya mutu a 1901. A 1906 aka kafa ƙungiyar ISDS a Haddington ta Sikotilan domin shirya gasar kiwo, kuma sakatarenta James Reid ne aka sani da fara rubuta sunan boda-koli a 1915, don a bambanta shi da kolin da ake kai wa gasar kyau.

Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin makiyaya sun riga sun ga abin da ya sami ɗan'uwan karensu. Koli mai dogon gashi da dogon baki, wanda Sarauniya Victoria ta so har ya zama abin yayi a gidajen masu hali, daga irin karnukan tudun nan ya fito. Cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba, zaɓen masu gasar kyau ya mayar da shi dabba mai ban sha'awa wadda da wuya ka ga makiyayi ya fita da ita aiki. Saboda haka da zancen AKC ya taso, ba hasashe suke yi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yadda aka shiga tsaka mai wuya

Tun 1955 boda-koli yake cikin wani rukuni na AKC da ake ajiye irin karnukan da ba a kammala karɓa ba. Zaman ya yi wa kowa daɗi har kusan shekara arba'in. Makiyaya suna rajistar karnukansu a nasu littattafan, wanda daga baya mafi girma a ciki ya zama na ABCA, ƙungiyar rajistar boda-kolin aiki da aka kafa a 1983. Masu son gasar biyayya kuma, inda ake gwada kare kan bin ƙafar mai shi da zama da kwanciya da ɗauko abu, suna iya shiga gasar AKC ta wannan ƙaramar ƙofa, kuma suna ta cinyewa. Babu wanda ya taka sawun wani.

A farkon shekarun 1990 AKC ta sauya ra'ayi: rukunin nan zango ne, ba gida ba, ko iri ya ci gaba zuwa cikakkiyar karɓa ko a cire shi. Nan aka kama masu wasanni a wuya. Idan aka cire karen, shekarun da suka yi suna horo da tara lambobin yabo sun tafi a banza. Ga kuma sabon wasa yana tasowa, na tsallake-tsallake da ratsa rami da saƙa tsakanin sanduna, wanda ake kira ajiliti. An fara nuna shi a gasar Crufts ta Ingila a 1978, ya shigo Amurka a shekarun 1980, ita AKC ta fara nata a 1994. Babu irin da ya dace da wasan kamar boda-koli. A shekarar dai masanin halayya Stanley Coren ya fitar da jerinsa na basirar karnuka bisa ra'ayin alƙalan gasar biyayya, ya sa boda-koli a kan gaba. Kasuwa ta buɗe, kuma AKC ƙungiya ce da kuɗin rajista ke riƙe da ita.

Ƙungiyoyin da ke tare da makiyaya suka ƙi zama uwar ƙungiyar irin a ƙarƙashin AKC, suka ƙi rubuta mata ma'aunin sura. Cikin waɗanda suka ja gaba akwai Donald McCaig, marubuci kuma mai kiwon tumaki a jihar Virginia. AKC ba ta jira su ba. Ta riga ta yi irin haka da karen kiwon da ake kira Australian Shepherd a 1991, duk da babbar ƙungiyar masu shi ba ta so ba. A kan boda-koli ma ta sami wata ƙaramar ƙungiya da ta yarda, wato BCSA, daga baya ta naɗa ta uwar irin, aka rubuta ma'auni, aka wuce wurin.

Abin da makiyaya ke cewa ido ba ya gani

Ba za a fahimci zafin da suka ɗauka ba sai an san abin da ake nema a wurin karen da irin wahalar samunsa.

Aikin boda-koli farauta ce da aka yanke wa wutsiya. Kyarkeci yana hango dabba, ya kafa mata ido, ya laɓaɓa, ya bi ta da gudu, ya cafke, ya kashe. Masanin dabbobi Raymond Coppinger ya daɗe yana bayanin cewa a jikin boda-koli an ƙarfafa kafa ido da laɓaɓawa da bi da gudu, an danne cafka da kisa. Kowane kashi kuma yana da ma'auni mai siririn gaske. Karen da idonsa ya yi yawa sai ya kafe wuri guda yana kallon tumaki, kai kana kira yana nan kamar an dasa shi. Wanda idonsa ya yi ƙaranci sai ya yi ta kai-komo a bayan garke, tumaki ba sa ganin girmansa. Wanda zafin bi ya yi masa yawa zai tarwatsa garken ko ya kai cizo. Wanda ba shi da zuciya kuwa, ranar da tunkiya mai sabon jego ta juyo ta buga ƙafa a ƙasa, sai ya kau da kai, kuma daga ranar duk garken sun san shi.

A kan wannan akwai abin da masu horo ke kira daidaito. Ka kai ɗan kare mai wata goma wurin tumaki karo na farko, in yana da gado, ba tare da ka ce komai ba zai kewaya ya tsaya a ɗaya ɓangaren, daidai inda zai turo su zuwa gare ka. Ka matsa hagu, ya gyara. Ka matsa dama, ya gyara. Ba a koyar da wannan; ko an haife shi da shi ko ba a haife shi da shi ba. Aikin mai horo shi ne ya sa wa abin da karen ke yi suna. Yana kewayawa ta hagu, ka faɗi kalmar hagu. Yana kewayawa ta dama, ka faɗi ta dama. Daga baya ka mayar da kowace kalma fito, domin murya ba ta kai inda usur ke kai wa a kan tudu mai iska.

Shi ya sa masu renon karen aiki ba sa gaggawa. Watannin farko abin da ake so a wurin kwikwiyo kaɗan ne: ya san sunansa, ya zo in an kira, ya saba da mutane da mota da ɗauri, ya koyi zama shiru ba tare da ana yi masa wasa ba. Ana kuma tsare shi daga abu biyu, kada ya shiga tumaki shi kaɗai ya koyi kora don nishaɗi, kada kuma rago ya tunkuye shi tun ƙashinsa da zuciyarsa ba su yi ƙwari ba. Yawanci sai tsakanin wata takwas da shekara guda ake fara horo na sosai, da 'yan tumaki kaɗan da suka saba da kare, a ƙaramin fili, minti goma ko sha biyar a tashi. Abu mafi wuya yana zuwa daga baya: koya masa ya kora tumaki su yi nesa da kai, alhali duk jininsa yana ce masa ya kawo maka su. Mai horo da ya matsa wa kare da umarni tun da wuri zai sami kare mai biyayya da ba ya tunani, wanda in ya ɓace bayan tudu sai ya tsaya jiran a gaya masa. Wanda ya sake shi da yawa kuma zai sami kare mai yi wa kansa aiki. Sai kare ya kai shekara biyu zuwa uku kafin a san ainihin abin da ke cikinsa, da yawa ma ba sa nuna cikar su sai sun kai huɗu ko biyar.

Gasar kiwo an tsara ta ne don ta tona duk waɗannan. A gasar ƙasa ta ISDS ana ajiye tumaki 5 a nisan yadi 400. Karen zai fita da faɗi ya zagaya bayansu ba tare da ya firgita su ba, maki 20. Lokacin da ya fara tashin su, ɗan taƙaitaccen lokaci da tumaki ke auna shi yana auna su, maki 10. Kawo su a miƙe ta tsakiyar ƙofa zuwa wurin makiyayi, maki 20. Kora su nesa a hanya mai kusurwa uku ta ƙofofi biyu, maki 30. Sannan a ware biyu daga cikinsu, a shigar da duka cikin ɗan shinge mai ƙofa, a fito da su a ware guda ɗaya, kowanne maki 10. Duka cikin minti 15, kuma cizo ba dalili yana fitar da kare daga gasar. A zagayen ƙarshe na babbar gasar shekara nisan yana kai yadi 800, tumakin 20 ne a kashi biyu, sai karen ya kawo goman farko sannan a umarce shi ya bar su ya juya neman wasu goman da sau da yawa ba ya ganinsu. Daga nan a tace 15 a bar 5 masu alama a wuya.

To, a cikin duk wannan ina tsawon kunne ya shigo? Ina launin gashi? Wiston Cap, wanda ya ci babbar gasar a 1965 a hannun John Richardson, wanda kuma siffarsa ce a tambarin ISDS, jininsa ya bazu cikin irin fiye da na kusan kowane kare a ƙarnin da ya wuce, kuma ba don kyan fuska aka yi ta kai masa mata ba. Cikin zakarun kiwo akwai masu gajeren gashi da masu dogo, masu kunne a tsaye da masu kunne a kwance, manya da ƙanana. Hujjar makiyaya ke nan a taƙaice: halayen nan da yawa ne, kowanne gadonsa daban, kuma ba sa zama tare sai in a kowane zubi ana zaɓar iyaye bisa aiki. Ba sai an yi niyyar lalata su ba. Da an daina gwadawa, za su warwatse da kansu, a hankali, yadda ba mai lura sai ranar da aka nemi karen aka rasa.

Na ga wannan hujja ta fi ƙarfi ta fuskar lokaci. Ana iya naɗa kare zakaran kyau yana da shekara guda da 'yan watanni, a fara barbara da shi nan take. Karen aiki kuwa sai an ci shekara uku ana ciyar da shi, ana horar da shi, ana riƙe tumakin da zai koya a kansu, sannan a gano ko ya cancanci ya bar iri. In aka sa hanyoyin biyu a kasuwa ɗaya, an san wadda za ta fi yawan haihuwa.

Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Masu goyon bayan AKC ba mahaukata ba ne, kuma ba daidai ba ne a ba da labarin kamar ba su da ta cewa. Sun ce karen ya riga ya fita daga gona, ko an so ko ba a so ba. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ta karɓe shi tun 1976, Ostireliya kuwa ta daɗe da nata ma'aunin sura, kuma karen aiki bai ɓace a ƙasashen biyu ba. Sun ce gara masu son karen su shiga ciki su rubuta ma'aunin da ke girmama aiki da su bar wa waɗanda ba su taɓa ganin tunkiya ba. Sun kuma tuna wa makiyaya cewa nasu gidan ma ba tsaf yake ba: akwai masu tara kwiyakwiyai barkatai da takardar rajistar aiki, iyayen ba su taɓa kora ko agwagwa ba.

Akwai kuma lissafin da ba ya ƙarya. A 1942 Amurka tana da tumaki miliyan 56. A lokacin rikicin ba su kai miliyan 10 ba, yau kuma suna wajen miliyan 5. Yawancin kwiyakwiyan da ake haifa, har daga iyaye masu aiki, ba gonar tumaki za su ba. Tambayar ina sauran za su tafi tambaya ce ta gaskiya, kuma makiyaya ba su da amsa mai gamsarwa a kanta.

Abin da ya biyo baya

AKC ta sami irin, amma ba ta sami karnukan ba. Mafi yawan masu karen aiki suka ci gaba da rajista a ABCA. Zoben gasar kyau kuwa, wato filin da ake nuna karnukan, ya cika da jinin da aka shigo da shi daga Ostireliya da Niyu Zilan, karnuka masu kaurin ƙashi, yalwar gashi, gajeren baki da farin wuya da aka zana kamar da alƙalami. Cikin 'yan shekaru mutum zai iya bambanta su da karen gona daga nesa, har makiyaya suka laƙaba musu sunan 'yar tsanar Barbie. AKC ta bar littafinta a buɗe ga karnukan da ke da rajistar ABCA ko ISDS, duk lokacin da wa'adin rufewa ya zo sai ta ƙara. ABCA kuma ta rufe tata ƙofar: ba ta karɓar kare bisa takardar AKC, kuma daga 2004 duk karen da ke littafinta da ya zama zakaran kyan sura ana soke sunansa. Ta bar ƙofa ɗaya tak ga karen da ba shi da takarda, wato ya zo ya nuna aiki a gaban masana har su gamsu. Ruwan yana gudu ne ta hanya guda, daga gona zuwa zobe.

A Birtaniya an bi wata dabara: karen da ya ci gasar kyau ba ya zama cikakken zakara sai ya wuce wani gwajin kiwo. Waɗanda suka wuce 'yan ƙalilan ne.

Har nan za a iya cewa hasashen makiyaya ya tabbata rabi. Karen kyau ya rabu da karen aiki kamar yadda suka faɗa, amma bai haɗiye shi ba. Abin da ba su hango da kyau ba shi ne mutanen da suka ɗauka 'yan rakiya ne a rikicin, wato masu wasanni.

Iri na uku

Masu ajiliti ba su damu da gashi ko kunne ba, don haka da farko makiyaya sun ga kamar nasu ne. Daga gonaki suke sayen kwiyakwiyai, suna kula da su fiye da kowa, suna kai su asibiti, suna gwajin cututtukan gado irin su lahanin ido na koli da gocewar ƙugu tun kafin wasu manoma su yarda akwai su. Kuma suna cin gasa. A Birtaniya har sai da aka ware wasu azuzuwan ajiliti da aka hana koli shiga, don sauran karnuka su ma su ɗanɗana nasara. Da gasar Westminster ta Niyu Yok ta ƙara ajiliti a 2014, boda-koli mai suna Kelso ne ya fara cinyewa, kuma irin ne ya ɗauki kofin a mafi yawan shekarun da suka biyo.

Daga nan sai suka fara haɗa nasu barbarar, zakaran ajiliti da zakarar ajiliti. Abin da wasan ke so kuwa ba shi tumaki ke so ba. Zagayen ajiliti bai cika wuce daƙiƙa arba'in ba. Ana son kare mai fashewa da gudu, mai saurin ɗaukar zafi, idonsa a kan hannu da kafaɗar mai shi, wanda tun yana kwikwiyo aka gina masa haukar ƙwallo da jan tsumma domin su ne ladansa. Tumaki kuma suna son kare mai sanyin kai, idonsa a kansu, kunnensa kawai a wurin makiyayi, wanda zai iya rage gudu da kansa in ya ga tunkiya ta fara tsorata, wanda kuma ladansa shi ne a bar shi ya ci gaba da aiki. Wasan ba ya tambayar ko kare yana da daidaito, ko zai iya fuskantar rago, ko ya san nisan da ya kamata ya bari tsakaninsa da garke. Duk abin da ba a tambaya ba kuwa, ba a zaɓe shi ba. Hujjar da makiyaya suka kafa a kan gasar kyau ta hau kan wasanni daram, sai dai a nan ba a ganin sauyin da ido, domin karen wasa siriri ne mai ƙarfi kamar na gona. Sai an kai shi gaban tumaki.

Ba ina cewa kare ɗaya ba zai iya yin biyun ba. Akwai masu yi, musamman waɗanda iyayensu masu aiki ne. Masu horo da yawa sun lura cewa wanda ya fara da tumaki ya fi sauƙin koyon tsalle daga baya fiye da wanda ya shekara biyu yana kallon hannun mai shi sannan aka ce ya kalli garke. Shi ma wasan yana da nasa haƙurin: ba a sa kwikwiyo tsalle mai tsawo ko saƙa sanduna kafin gaɓoɓinsa su gama girma, AKC ba ta barin kare ya shiga gasar ajiliti kafin wata 15, a Birtaniya kuwa sai wata 18. Maganar ba a kan kare ɗaya take ba, a kan jikokinsa take.

Masu wasanni ma ba su tsaya a kan irin ba, abin da ke nuna cewa gudu suke nema ba suna ba. A wasan tseren ɗauko ƙwallo na rukuni-rukuni, wanda ya faro a Kalifoniya, an saba haɗa boda-koli da karen tsere siriri ko da ƙananan karnukan farautar ɓera don a sami gudu da ƙaramin jiki. A 2024 wata 'yar ƙaramar karya mai suna Nimble, ruwa-biyu tsakanin boda-koli da wani ƙaramin irin kare da ake kira papillon, ita ta ci ajilitin Westminster, karo na farko da kare mara tsantsar iri ya yi hakan.

Kuɗin da ba a zata ba ya zo wa karen aikin ma. Gasar kiwo ta zama abin sha'awar mutanen da ba makiyaya ba, likitoci da lauyoyi da 'yan fansho da ke sayen 'yan tumaki domin karensu, maimakon su sayi kare domin tumakinsu. Wasu tsofaffin makiyaya suna gunaguni cewa wannan ma yana sauya zaɓe, yana fifita kare mai laushi da ke karɓar umarni a kowane taku a kan kare mai taurin kai da zai iya tattaro ɗaruruwan tumaki daga tudu shi kaɗai. Amma su ne ke riƙe da filayen gasa da yawa a Amurka, kuma su ne ke sa farashin horarren kare ya kai inda mai horo zai iya rayuwa da sana'ar. A Fabrairun 2020, a kasuwar Skipton ta Ingila, makiyayiya Emma Gray daga Northumberland, ƙasar Old Hemp, ta sayar da karyarta Megan kan fam 18,900 ga wani mai kiwon shanu a jihar Oklahoma. Bayan shekara guda Dewi Jenkins na Wels ya sayar da Kim, mai wata 12 kacal, kan fam 27,100 a gwanjon intanet. Masu saye sun yanke shawara ne bayan sun kalli kowacce tana aiki a bayan tumaki.

Yau a Amurka mutum uku za su iya ce maka suna da boda-koli, kowa da takardarsa, karnukan kuma kakanninsu ɗaya in aka koma baya isasshe. Ɗaya ana taje shi awa guda kafin ya shiga zobe. Ɗaya yana karkarwa a bakin layi yana jiran a sake shi. Na ukun yana kwance a bayan motar gona da laka a ciki, ba ya ko ɗaga kai sai ya ji an taɓa sakatar ƙofar garke. AKC tana lissafa irin a wajen na 30 cikin karnukan da aka fi rajista a wurinta, littafinta kuma har yanzu a buɗe yake ga na ukun.